Lawali Mai Agogo da Tsattsewar Gidan Kawu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawali, mai gyaran agogo na unguwar Adjamé Saint-Michel a Abidjan. Kowace shekara idan watan ya zagayo mukan taru a gidana da ke unguwar 220 Logements, a yi masa addu'a, a ci shinkafa, kowa ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai haƙuri, a watse. Shekara takwas ina zaune a wannan taro ina cewa amin ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba. Bana na kasa. Shi ya sa na roƙi fili a wannan shafi, don in faɗi abin da ba a faɗa a wurin addu'a. Ina sanar da mai karatu tun yanzu cewa rai a ɓace nake rubutun nan, kuma cikin waɗanda nake fushi da su har da ni kaina.

Sunana Hajara, atamfa nake sayarwa a kasuwar Treichville. Iyayenmu daga Maraɗi suka zo, mu kuwa a Adjamé aka yanke mana cibiya. Yaya Lawali shi ne babba a ɗakinmu, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Matarsa ta rasu da ƙuruciyarta, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai ƙara aure ba. Abin da mutane suka san shi da shi tebur ne mai murfin gilashi, a ƙarƙashin barandar gidan benen kawunmu, wan mahaifiyarmu. Fiye da shekara talatin yana wurin, gilashin masu agogo maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu, motocin hayar nan da ake kira gbaka suna wucewa suna zuba masa hayaƙi.

Abin da ya fi damunsa kuwa yana can saman kansa. A lungun da rufin barandar ya haɗu da bango, tsattsewa sun kafa gari guda. Sheƙa a jikin sheƙa, daga wannan kusurwa har waccan, kamar an dunƙula auduga mai datti an manna. Tun yana saurayi ya fara kallonsu. Kullum da safe kafin ya buɗe tebur, da kuma bayan la'asar idan suka taru suna kewaya gidan da kukan nan nasu mai kaifi, sai ya ɗauko kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya rubuta abin da ya gani. Wace sheƙa ake gyarawa, a wacce aka fara jin motsin 'ya'ya, yaushe aka yi ruwa, ta ina iska ta taso.

Ni kam a lokacin tsuntsu tsuntsu ne a wurina. Shi ne yake nacin nuna mini cewa abin da muke kira tsattsewa iri biyu ne, ba su ma haɗa dangi ba. Akwai mai ɗebo laka a bakin kwata ta yi gini da ita, wadda ake gani a jere kan wayar lantarki. Ita ya sa wa suna tsattsewar laka. Nasa kuwa, baƙaƙen nan masu farin maƙogwaro da fari a ƙugu, yana ce musu tsattsewar miyau. Ba sa sauka ƙasa. Gashin tsuntsu da ɗan tsinken ciyawa da iska ta ɗauko suke cafkewa a sama, su manne su da miyau har ya bushe ya yi tauri. A sama suke cin abincinsu, ƙwari kaɗai. Ruwa ma a guje suke sha, su shafto saman lagun, babban tafkin nan na garin, da baki su wuce. Ƙafafunsu gajeru ne ƙwarai, ba sa iya tsayuwa a reshe ko a waya, sai dai su maƙale a bango da farce. Idan ɗaya ta faɗo ƙasa, tsawon fukafukanta kan hana ta tashi, sai an ɗaga ta. Yakan faɗi duk wannan yana murmushi, kamar mai ba da labarin 'ya'yan cikinsa. Ni kuma in ce, "To Yaya, mun ji. Agogon nawa fa?"

Wannan amsar tawa ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ya sha. Lawali Tsuntsu ake ce masa a unguwa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa. 'Yan kasuwarmu idan suka fito masallaci suka gan shi ya ɗaga kai yana rubutu, sai wani ya ce, "Malam, yau me suka ce maka?" a fashe da dariya. Wata gwaggonmu ta taɓa turo mai ruƙiyya har teburinsa, wai babu mai cikakken hankalin da zai kwashe shekaru yana leƙen kashin tsuntsu. Yaya ya ba mutumin kujera, ya sayo masa shayi, ya gyara masa agogon da ya tsaya a hannunsa. Mu mutane ne da idan abu ba ya shiga kwantena, ba a auna shi da yadi, ba a ɗora shi a mota zuwa Kano ko Yamai, to a wurinmu ba abu ba ne. Na ce mu, domin ban fitar da kaina ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zama kusa da shi ya ɗaga kai tare da shi. Wani malamin makaranta ne mai koyar da ilimin halittu, ɗan ƙabilar Baule, Kirista, sunansa Kwasi. Agogo ya kawo gyara, ya ga kaye a buɗe da zanen fiffike a ciki, ya yi tambaya, daga ranar ya zama baƙon kowace Asabar. Saboda shi ne Yaya ya bar rubutun ajami ya koma yi da ɗan Faransancin da ya samu a firamare, don abokinsa ya iya karantawa. Sun taɓa takowa har bakin lagun a Treichville su biyu, Yaya ya nuna masa wata siririyar tsattsewa mai manne sheƙarta da ƙwanta a bayan ganyen kwakwa, iska tana kaɗa ganyen amma ƙwan bai faɗo ba. Malam Kwasi kuma ya kawo masa wani littafin tsuntsaye mai hotuna. A ciki Yaya ya ga danginsu na Amurka, masu yin sheƙa a cikin bututun hayaƙin gidaje. Suna karyo 'yan tsinkaye a guje, su manne su a bangon ciki da miyau. Mako guda yana maganarsu. Ya ce da can a kogon bishiya suke, da aka sare bishiyoyin suka koma bututu, yanzu kuma masu gida suna toshe bakin bututun. "Hajara," ya ce mini, "ashe ko'ina a duniya 'yan raɓe ne."

Kawu bai taɓa damuwa da tsuntsayen ba. Yakan sa a share kashinsu da safe, shi ke nan. Da ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa, Alhaji Isufu, mai shigo da kayan wayar hannu. Isufu ya sayi sabuwar mota, kuma ƙarƙashin barandar nan ne wurin ajiye ta. Sai ga bikin 'yarsa ta fari ya matso, ana sa ran baƙi daga Maraɗi da Kano. Ya kira masu fenti ya ce a kankare gidan daga sama har ƙasa.

Yaya ya zo ya same ni a kasuwa ya ce in raka shi, ko Isufu zai ji nauyinmu mu biyu. Muka shiga falonsa. Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba, amma ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan darduma.

"Alhaji, alfarma na zo nema," ya ce. "Ka ba ni mako uku. Yawancin sheƙunan nan akwai 'ya'ya a ciki, gashi ya fara fito musu. Nan da mako uku sun tashi. Sai ka kankare abinka, ba zan ce uffan ba."

"Yaya Lawali, biki saura kwana goma sha biyu. In ce wa surukaina me? Su dakata, tsuntsu yana jego?"

"To a yi fenti ko'ina, a bar ƙarƙashin barandar kaɗai. Shekara talatin ina wurin nan, ban ga baƙon da ya taɓa ɗaga kai ba. Motarka kuma ni zan riƙa wanke ta kullum da hannuna."

Isufu ya yi dariya ya juyo gare ni. "Hajara, kin dai ji da kunnenki. Ki yi wa yayanki magana mana."

Na kuwa yi masa. Na ce, "Haba Yaya, don Allah ka daina ba mu kunya a gaban mutane. Tsuntsaye ne fa."

Ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, da shi ne da ya fi mini sauƙi. Kallon mutumin da ya zo da mai taya shi roƙo ne, sai ya ga ashe shi kaɗai ya zo. Ya tashi, ya yi wa Isufu sallama, ya sa takalminsa ya fita.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Tanti Awa ta kira ni a waya. Wata Bajula ce mai soya aloko, ayabar nan da ake soyawa a manja, a kusurwar gidan Kawu. Ta ce, "Ki zo yanzu, yayanki yana durƙushe a tsakiyar titi." Na bar rumfata a buɗe na tari mota. Abin da na tarar ba zai fita daga idona ba. Masu fenti sun ɗaura ƙarfe a kan dogayen sanduna suna kankara, sheƙuna suna faɗowa dunƙule-dunƙule. Ƙasa ta cika da gashi da fasassun ƙwai da 'yan tsuntsaye, wasu tsirara jajir, wasu sun fara baƙi, suna jan ciki a kan siminti. Iyayen suna ta shawagi suna kuka, su taho a guje kamar za su daki bangon, su kauce, su sake dawowa. Yaya yana bin ƙasa da gwiwa yana tsinta, yana zubawa a cikin hularsa da gaban rigarsa. Ɗaya daga cikin masu fentin ya ajiye sandarsa ya taya shi. Ban ga laifinsu ba, aiki aka ba su. Shi wanda ya ba da aikin yana tsaye can gefe yana magana a waya kan kujerun biki.

Waɗanda ya samu da sauran numfashi ya zuba su a kwali, ya shimfiɗa musu tsumma, ya rufe teburinsa. Mutumin da ko ranar Sallah yakan buɗe da rana, ya yi makonni bai taɓa agogo ba. Yana zuwa wurin mahauta da ɗan gidan sauro yana kama ƙudaje, idan aka yi ruwa ya bi shinge, garar nan mai fiffike, yana tarawa. Da hantsakin da yake ɗaukar ƙananan ƙusoshin agogo yake buɗe musu baki yana sa musu ɗaya-ɗaya. Ni kuma kunya ta sa na jiƙa gero na kai masa, wai gudummawata. Ya ce, "Ba sa cin hatsi, zai kashe su." Maganar farko ke nan da ya yi mini tun daga falon Isufu. Duk da haka suna ta mutuwa, yau biyu, gobe uku. Yakan haƙa ɗan rami a bayan ɗakinsa ya rufe su. Huɗu suka rage.

Ranar da ya ga fukafukansu sun wuce wutsiya, ya zo gidana da kwalin, saboda benenmu ya fi tsawo. Muka hau can sama da safe. Ya ce mini wannan tsuntsu ba a koya masa tashi, rana ɗaya yake faɗowa daga sheƙa, ko ya tashi ko shi ke nan. Ya ɗora ta farko a tafin hannunsa ya ɗaga sama. Bai jefa ta ba, jira ya yi. Ta yi ta rawar jiki, ta juya kai, can sai ta zame ta yi ƙasa har na rufe ido, da na buɗe ta riga ta wuce saman tashar motoci. Ta biyu da ta uku ma haka. Ta huɗu ta faɗa tsakar gida, ashe fiffikenta ya karkace tun ranar da aka kankaro ta. Ya sauka ya ɗauko ta. Kwana biyu ta ƙara a raye.

A tsakanin nan an yi biki. Yaya ya halarci ɗaurin aure, domin shi ba mai yanke zumunci ba ne. Ya zauna a kan tabarma a gaban sabon fenti ruwan ɗorawa, sama da kansa an buga ragar waya a duk tsawon barandar don kada tsuntsayen su dawo. Sun kuwa dawo. Tanti Awa ta ce sun yi kwanaki suna maƙalewa a jikin ragar suna leƙen wurin da gidajensu suke. Yaya bai iya zama a ƙarƙashin wannan ba. Ya ɗauke teburinsa ya dawo Treichville, bayan kasuwa, kusa da ni. Yana gyaran agogonsa, yana gaisawa da mutane, yana cin abincin da na aika masa. Amma ban ƙara ganinsa da kaye ba, kuma ya koma tafiya kansa a ƙasa.

Wata bakwai ya yi a haka. Wata rana bayan azahar ya faɗi a gefen teburin, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana uku a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe da shi. Ba zan ce Isufu ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne, ni Musulma ce. Amma na ga mutumin da ya shiga falon nan, na kuma ga wanda ya zauna kusa da ni wata bakwai, kuma babu malamin da zai sa in ce mutum ɗaya ne.

Yanzu na zo kan nawa laifin, wanda ya fi na falo girma. Bayan sadakar bakwai ni na kwashe ɗakinsa. A ƙarƙashin gado na jawo kwali biyu cike da kaye. Na bubbuɗe. Guda uku rubutun ajami ne, na ware su na sa a jaka, saboda baƙin Larabci ba a yar da shi. Sauran duk Faransanci ne da zane-zane da lambobi. Tanti Awa ta zo yi mana gaisuwa, ta ga tulin takarda, ta tambaya ko za ta samu na naɗe aloko. Na ce ta kwashe duka. Da hannuna na taya ta ɗorawa a ka.

Kusan wata biyu bayan nan sai ga Malam Kwasi a bakin rumfata. Ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, labarin bai kai gare shi da wuri ba. Ya cire hularsa ya ce, "Yako, madam," wato sannu da rashi a bakin mutanen nan. Sai ya tambaye ni ina kayen suke. Ya ce sun yi da Yaya zai sa a buga su a na'ura, ya kai wa masu nazarin tsuntsaye, domin shi bai san wani mutum a garin nan da ya zauna a ƙarƙashin sheƙuna ɗaya yana rubuta halinsu kullum tsawon waɗannan shekaru ba. Na ja mayafina na ce ya biyo ni.

Muka sami Tanti Awa a gaban kaskonta. Rabin kaye ɗaya ya rage, sai bangwayen da take hura wuta da su. Ta ga fuskata ta ce, "Ke fa kika ce in ɗauka." Gaskiyarta ce. Malam Kwasi ya sunkuya ya ɗauki wata takarda da manja ya ɓata, an zana ƙafar tsattsewa a jiki, yatsu huɗu duk suna kallon gaba, da 'yan bayanai a gefe da ƙananan baƙaƙen nan na Yaya. Ya daɗe yana dubawa. Ya roƙe ni ko zai iya riƙe ta. Dattijo ne mai furfura, yana neman izinina a kan takardar da na bayar a naɗe ayaba. Ban sake neman sa ba tun daga ranar, kunya ta hana ni.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Abidjan ta yau. Tsofaffin benaye masu baranda da lungu ana ta rushe su. Waɗanda ake ginawa gilashi ne da ƙarfe mai santsi daga sama har ƙasa, ko ƙadangare ba zai samu wurin sa farce ba. Sana'arsa ma ta tafi, kowa a waya yake duba lokaci. Na san halinsa, ba zai tsaya ƙorafi ba. Zai sa takalmi ya fita neman inda suka koma. Ni ma yanzu idan mota ta hau gada da ni daga Treichville da yamma, nakan gan su suna shiga suna fita a ƙarƙashinta, sai in ce da yana nan da tuni ya san ta wace ƙafar gadar suka fi yawa, da kuma dalili. Shi zai yi murna sun samu wuri. Ni ce dai ba na iya murnar, domin na san ranar da wani zai so yi wa gadar fenti, babu wanda zai je ya zauna a kan darduma saboda su.

Akwai abin da ya ƙara hura mini wuta bara. Wani hoton bidiyo ya zagaya a zauren danginmu na waya. A Amurka ne, mutane sun fito da kujeru da yara sun zauna a kan ciyawa gab da faɗuwar rana, suna kallon tsuntsayen nan na littafin Malam Kwasi suna kewaya wani dogon bututu suna zubawa ciki kamar hayaƙi ya juya baya. Da na ƙarshe ya shiga suka yi tafi. Danginmu suka yi ta yabawa. Waɗanda suka ce wa yayana Lawali Tsuntsu su ne suke rubuta tabarkalla, Turawa akwai lura. Alhaji Isufu da kansa ya rubuta cewa lallai akwai aya a cikin halittar Allah ga masu tunani. Na ajiye wayar. Ayar nan shekara da shekaru tana manne a gidan ubansa, kyauta, da mai yi masa bayaninta da Hausa a zaune a ƙasa. Sai da ta zo daga hannun baƙo, a cikin waya, sannan ta zama aya.

Shi ya sa addu'ar bana ta ƙare yadda ta ƙare. Isufu ya zo da rago, Allah ya ba shi lada. Bayan an shafa fatiha ya gyara murya ya ce Malam Lawali mutum ne mai tausayin halittun Allah, irinsu sun yi ƙaranci a wannan zamani. Ina daga ɓangaren mata ina ji. Ban san lokacin da na ɗaga labule ba.

Na ce, "Alhaji, mako uku ya roƙe ka."

Ya ce, "Haba Hajara, abin da ya wuce ai ya wuce. Kuma ke ma kina wurin."

Na ce, "Ina wurin. Shi ya sa ba za ka faɗi wannan maganar a gidana ba."

Manya sun yi mini faɗa daga baya, sun ce ranar addu'a ba ranar tone-tone ba ce, mamaci rahama yake bukata. Na yarda. Limaminmu ya ce in yafe don Allah. Na ce masa zan yafe in sha Allahu, amma ba zan yi ƙarya in ce na riga na yi ba, ga Isufu ko ga kaina. Abin da ba zan ƙara yarda da shi ba shi ne a wulaƙanta mutum yana raye a kan abin da ya ba wa rayuwarsa, ya mutu kuma a ɗauki abin a yi masa kirari da shi a gaban shinkafa.

To me ya rage na Lawali? Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Teburin yana ɗakin ajiyata. Wataƙila akwai agogon da ya gyara da har yanzu yake tafiya a hannun wani tsoho a Adjamé. Wataƙila cikin masu shawagi a ƙarƙashin gada akwai jikokin ukun nan da suka tashi daga tafinsa, ba ni da hanyar sani. Ilimin da ya tara kuwa, mafi yawansa mutanen unguwa sun goge hannu da shi sun yar a kwata. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya tsinta a titi ranar nan ya tsaya masa a gaban Ubangiji. Mu da muka rage, Allah ya ba mu kunyar da za ta amfane mu.

Sai kaye ukun nan na ajami, na lokacin samartakarsa. Shekaru suna cikin akwatina ban buɗe ba. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan ɗauko su. 'Yata Ramatu, wadda take aikin jinya, takan zo ta zauna. Ita ba ta karanta ajami, Hausar ma sai ta haɗa da Faransanci, don haka ni nake karantowa a hankali da guntun karatun allona, ita tana juyawa tana rubutawa. Juma'ar da ta wuce muka kai wani shafi a kaye na biyu. Ya rubuta cewa da yamma waɗansu manya sun zo, baƙaƙe ƙirin marasa fari a ƙugu, sun cika sama, amma ba su shiga sheƙar kowa ba. A ƙasan wannan ya ƙara layi biyu: "Hajara ta tambaye ni, Yaya, su waɗannan ina suke kwana? Ban sani ba. Na ce mata zan duba in gaya mata."

Ban fi shekara tara ba a lokacin. Ko kaɗan ban tuna na yi tambayar ba. Shi kuwa ya rubuta ta, ya kuma ci gaba da dubawa har gashinsa ya yi fari. Wataƙila ma ya gaya mini, wata rana ina tsaye a bakin teburinsa hankalina yana kan atamfa.

Sai Ramatu ta ɗauki wayarta ta ɗan lallatsa. Ta ce, "Maman, ga shi nan ai. Daga Turai suke zuwa, kuma an ce a sama suke barci, sai su yi watanni ba su sauka ba."

Na ce ta ajiye wayar. Ba ita na tambaya ba.